Gadajen Aro

Shafi na 21

Masu cewa shafi ya yi jinkiri, na ji ƙorafinku. Ga shi nan. Wanda ya gano mai gaskiya a cikin mutanen nan ya taimaka ya faɗa mana a ƙasa.

*

Bokitin fenti biyu Mai Fenti ya shigo da su asibitin unguwa da hantsi, fari da shuɗi, buroshi soke a aljihun baya. Gobe masu duba asibitoci za su zo daga ma'aikatar lafiya. Kwamitin unguwa, wanda shi ne sakatarensa, ya yanke shawarar a gyara wurin kamar yadda aka yi wancan zuwan, don kada a ji kunya a gaban baƙi.

Ya ajiye bokitan a baranda ya leƙa ɗakin maza. Gado uku ne a ɗakin da aka gina don goma sha biyu. A na jikin taga mahaifinsa ke kwance, robar iska a hanci. Wata biyu ke nan huhun tsohon kafintan ya ƙi yin aiki shi kaɗai. A jikin injin da ke ba shi iskar an rubuta da jan fenti: KYAUTA DAGA MAI OTAL. Mai Fenti ne ya rubuta da hannunsa, har da ɗan ado a ƙasa.

"Baba, ina kwana? Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki yana nan," in ji Baba, yana jan maganar a hankali. "Ƙarfin ne ya fita yawo bai ce ga inda za shi ba."

Yaya, babbar 'yar Baba, tana zaune a tabarma tana ninke kayan wanki. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Sai yanzu ka ga dama? Sau biyu Ciyaman ɗin kwamitinku yana aikowa. Motar gadaje tana hanya."

"Bana ma za a kawo gadajen nan?" Baba ya tambaya. "Ka ce musu su bar min mai katifa ko na kwana ɗaya ne, in ji yadda masu kuɗi suke barci."

"Sakatare."

Sista ce a bakin ƙofa. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da asibitin. Ita ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai shara duk ranar da mai shara ta yi fushi.

"Zo, ina son ganinka."

Ya bi ta ɗakin ajiyar magani. Ta tura ƙofa. Kantocin da ke bango babu komai a kansu sai kwalabe biyar da nadin auduga guda.

Mai Fenti ya dubi kantocin ya ja tsaki.

"Wallahi gobe sai na gaya wa mutanen nan magana. Mai karɓar haraji kafin in buɗe shago yana tsaye a ƙofa kamar shi ya kwana yana gadi. Amma shekara biyu ko sirinji ba su aiko mana ba. Da ba don Mai Otal ba, da yanzu Baba..."

"Ka gama?"

"Ban gama ba. Gwamnatin da..."

"To ka tsaya haka, kada ka ƙarar da yawunka."

Ta ja durowa ta fito da wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Ta miƙa masa.

Mai Fenti ba ya karatu da sauri. Da yatsa ya bi layin, leɓɓansa suna motsi. Takardar daga ma'aikata take, an rubuta ta shekara biyu da suka wuce. Ta ce bisa binciken da aka yi, an samu asibitin da gadaje goma sha biyar, da janareto, da firjin allurai, da isassun magunguna. Saboda haka an sa shi a rukunin wadatattu, an mayar da kasonsa ga asibitocin da ke cikin buƙata har zuwa bincike na gaba.

"Gadaje goma sha biyar? Ina muka taɓa ganin gadaje goma sha..."

Ya ɗaga yatsa daga kan takardar.

"Ƙarasa mana," in ji Sista. "Ina muka gan su? Wa ya yi kwana biyu a barandar nan yana shafa musu farin fenti?"

"Ai wannan... don kada a raina mu ne."

"Ba a raina ku ba kuwa. An girmama ku sosai. Gadajen ƙarfe goma sha biyu daga tsohon otal. Janareto daga otal. Firji daga kicin ɗin otal, har yana warin albasa. Kwalayen magani daga shagon Mai Kemis, kowanne ba komai a ciki, ka jera su a kantocin nan kamar amarya za ta tare."

"Sista..."

"Ban gama ba, ni ma. Marasa lafiyar da suka rame kuka ce su koma gida zuwa la'asar don kada su ɓata hoto. Kuka kwantar da Mai Shayi da kumatunsa a gado na ɗaya. Baƙuwar da ta zo binciken ta ce masa ya jiki, ya ce shi bai taɓa jin daɗin kwanciya irin ta yau ba. Ta rubuta. Duk abin da kuka nuna mata ta rubuta. Motarsu ba ta kai kan titi ba aka fara kwashe gadaje, fentin ma bai gama bushewa ba."

Mai Fenti ya nemi wurin zama. Babu kujera, sai ya zauna a kan wani kwali. Kwalin ya lotsa da shi.

"Ka tuna 'yan tsallaken gada?" in ji Sista. "Waɗanda suka jera bokitai a ƙarƙashin rufin da ke yoyo, suka bar matansu kwance a ƙasa baƙi suka gani?"

Ya tuna. Shi ne ma ya fi kowa dariya a teburin mai shayi. Ya ce mutanen nan ba su da kunya, sun tona wa kansu asiri a gaban baƙi.

"Injin iska biyu aka kai musu. Gadaje goma. Likita yana zuwa musu Litinin da Alhamis. Rabin abin nan namu ne, daga harajin da kake kuka a kai. Ba cinye shi aka yi ba, Sakatare. Mu muka ce mun ƙoshi."

Shekara biyu yana zagin gwamnati. A majalisa, a shago, a gidan suna, duk inda mutum uku suka taru. Ashe buroshinsa yana cikin waɗanda suka rufe musu ƙofa. Abin da ya fi ci masa rai shi ne aikin ya yi kyau. Da ya yi fentin banza, da baƙuwar ta ga tsatsa ta yi tambaya.

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na faɗa. Ranar da takardar ta zo na kai wa Ciyaman. Ya ce in mutane suka ji za su jefe kwamiti, in rufa asiri, Mai Otal zai cike gurbin. Ya cike kuwa. Inji ɗaya, da sunansa a jiki."

"Ke kuma kika yi shiru."

"Na yi. Kuma ni na buga hatimi a takardar binciken, ina sane da kwalayen nan iska ce a ciki. Kada ka ɗauka wanke kaina nake yi. Gajiya na yi. Ba zan sake tsayawa gobe ina murmushi a gaban firjin albasa ba."

Ya juya takardar kamar akwai wani bayani a bayanta.

"To shi Mai Otal me zai samu? Mutum ya ba da motarsa, ya ba da kayansa..."

"Ba ka ji sabuwar dokar ba? Duk unguwar da asibitinta ya shiga rukunin mabuƙata, ana ɗora wa manyan 'yan kasuwarta harajin lafiya, kuma kai tsaye asibitin yake zuwa. Shagonka ba ya ciki. Otal ɗinsa yana ciki, da sitocinsa uku."

Kafin ya ce wani abu, ƙahon babbar mota ya cika harabar asibitin.

*

Motar ta ja baya har bakin baranda, gadajen ƙarfe jibge a bayanta, janareto ɗaure da igiya. Ciyaman, tsohon hedimasta, yana gaba yana ɗaga hannu kamar shi ke tuƙin. A bayan motar Mai Otal ya fito daga tasa, cikin fararen kaya, ya gaisa da kowa hannu biyu. Mai Shayi da Mai Kemis da wasu 'yan unguwa sun taru don taya saukewa.

"Sakatare, ya mai jiki?" in ji Mai Otal. "Injin yana aiki dai ko?"

"Yana yi, Yallaɓai. Mun gode."

"Haba, ai yi wa kai ne."

Ciyaman ya tafa hannu. "To jama'a, a sauke! Sakatare, ina fentin? Bana shuɗi za ka yi wa ƙafafun, kada su gane na wancan karon ne."

"Kada a sauke," in ji Mai Fenti.

Lebura ɗaya ya riga ya ɗaga kan gado. Ya tsaya da shi a sama.

"Me ka ce?" in ji Ciyaman.

"Na ce kada a sauke ko ɗaya."

Ya ɗaga takardar. Fuskar Ciyaman ta canja. Ya dubi Sista, ita kuwa ta harɗe hannu ta dubi rufi.

"Wannan maganar kwamiti ce, ba ta bainar jama'a ba."

"Ni ne sakataren kwamitin, kuma yau na fara ganinta. Shekara biyu, Ciyaman! Ina zagi kana gyaɗa kai. Har cewa kake in ƙara!"

Ya karanta wa mutane takardar da ƙarfi, yana tuntuɓe a kalmomin, amma kowa ya gane. Mai Kemis ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa da ta zo awon jini ta ce, "La'ilaha! Wato mu muka kori rabonmu da tsintsiya?"

"Mutunci muka kare!" in ji Ciyaman. "So kake a rubuta unguwarmu a jerin matsiyata? A karanta a rediyo? 'Ya'yanmu mata su je gidan miji a ce musu 'yan unguwar mabuƙata?"

"Mutuncin ne ke ba da allura?"

"Kai yaro ne. Ni na koya maka a, ba, ca!"

"A aji uku ka kore ni, Ciyaman. Sauran ni na koya wa kaina, shi ya sa na jima kafin in gama karanta wannan."

Mai Otal ya ɗaga hannu a hankali. Kowa ya juya gare shi. Shi ba ya ɗaga murya, bai taɓa buƙata ba.

"Sakatare, bari in tambaye ka. Shekara nawa kana biyan haraji?"

"Tun da na buɗe shago."

"Ni tun kafin a haife ka. Titin gaban otal ɗina, ni na cike ramukansa. Kwatar bayan makaranta, ni na sa aka yashe. In na ba su kuɗin nan, ofis nawa zai bi kafin ya iso hannun Sista? A kowane tebur sai ya rame. Amma injin nan ranar da aka ce min Baba ba ya numfashi, kafin azahar yana nan. Ba takarda, ba hatimi, ba je ka dawo. Ƙarya na faɗa?"

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma abin da ya ƙara tunzura Mai Fenti ke nan. Ya fi son mugu ya zama mugu sak, mutum ya san inda zai tsaya. Wannan kuwa ya tauye unguwa kuma ya ceci Baba, duk da hannu ɗaya.

"Gaskiya ne, Yallaɓai. Amma inji ɗaya ne. In wani ya zo gobe ba ya numfashi fa?"

"Sai a zo a gaya min."

"In kana tafiya fa? In ranar ba ka jin daɗi? In wanda ya zo ɗin kun taɓa faɗa da shi? Na gwamnati ko ya rame, in ya iso namu ne. Ba sai mun durƙusa mun gode ba."

"Na taɓa cewa ka durƙusa?"

"Ba ka taɓa ba. Mu muke yi da kanmu, tun kafin ka fito daga mota."

Mai Shayi ya yi gyaran murya.

"Ni dai ban iya dogon zance ba," ya ce. "Bara a barandar nan matata ta haihu, a ƙasa, da fitilar waya. Yaron ya zo yana buƙatar iska. Lokacin injin nan bai zo ba. Kafin mu tsallaka gada..." Ya shafa fuska. "Ni ne na kwanta a gado na ɗaya ina dariya. Ku bar ni haka kawai."

Ba wanda ya iya dubansa. Leburan ya sauke kan gadon a hankali ya mayar cikin mota.

Mai Otal ya jima yana kallon ƙasa. Da ya ɗago, muryarsa ba ta canja ba.

"Allah ya jiƙan yaro. Sakatare, na fahimce ka. So kake baƙi su ga gaskiya gobe."

"Ita kawai."

"Na yarda. Amma gaskiya ba a yanka ta biyu a ɓoye rabi. In sun shiga ɗakin can suka ga injin iska, me za su rubuta? Akwai injin iska. Na asibiti ne? A'a. Nawa ne, kamar gadajen nan, kamar janareton nan. Ba zai yiwu ka ce kayana ƙarya ne a bayan mota amma gaskiya ne a gefen gadon mahaifinka ba."

Mai Fenti ya waiwaya ya dubi tagar ɗakin maza.

"Kyauta ka ce. Ni na rubuta a jiki."

"Ka rubuta da kyau kuwa. Amma ba a taɓa shigar da shi kundin asibiti ba, tambayi Sista. Ni ba gori nake yi ba, tsari nake nema. In ni ke riƙe da asibitin nan, a sauke gadaje, inji ya zauna. In gwamnati ce za ta riƙe da harajina, gadaje su koma, inji ya bi su. Ba zan biya ta hanya biyu ba."

Mai Fenti ya juya ga Sista.

"In aka sa mu a jerin mabuƙata, yaushe injin gwamnati zai iso?"

"Wata uku in an yi sa'a."

"In ba a yi ba?"

"Shida."

"Na tsallaken gada fa?"

"Duk biyun akwai mutane a kai. Na kira su da safe."

"Baba zai iya kwana nawa babu..."

Sista ta dubi takalminta.

Yaya ta fito daga ɗakin kamar an jefo ta, mayafi a hannu.

"Kai! Kai ɗin nan! Tun kana ƙarami haka kake, kowa ya bi hanya kai sai ka tsaya tambayar wa ya share ta. Uban wa ya naɗa ka alƙalin unguwa? Ka ɗauki buroshinka ka yi abin da ka iya!"

"Yaya, ki saurara..."

"Ba zan saurara ba! Unguwa ce ta haife ka? Unguwa ce ta sayar da injin yankan katakonta ta buɗe maka shago? Yallaɓai, ka yi haƙuri, kada ka biye masa, zafin rana ne. Ku sauke! Na ce ku sauke!"

Leburori suka dubi Ciyaman. Ciyaman ya dubi Mai Otal. Mai Otal kuwa Mai Fenti yake kallo.

"Ba na son a ce na tilasta wa kowa," ya ce. "Gobe kai za ka zaga da baƙi, kai za ka sa hannu a madadin unguwa. In aka sauke ba da yardarka ba, za ka tona. Saboda haka daga bakinka nake son ji, a gaban mutanen nan. A sauke gadaje, ko a ɗora inji?"

Mai Fenti ya dubi Yaya, hawaye ya jiƙe mata fuska. Ya dubi Mai Shayi, wanda ya juya baya yana kallon bango. Ya buɗe baki, bai san abin da zai fito ba.

Sai tagar da ke bayansu ta yi ƙara.

Baba ne. Ya ja jiki ya zauna, ya dafa ƙarfen tagar da hannu ɗaya. Duk abin da aka faɗa a barandar ya ji. Robar iskar ba ta hancinsa. Tana ɗaya hannun, ya zuro ta waje tana lilo.

"Baba!" Yaya ta kwasa da gudu.

"Tsaya nan," in ji Baba. Ta tsaya cak, Sista ma ta tsaya da ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. "Duk wadda ta taɓa ni... ban yafe ba."

Ya ja numfashi, ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar ƙofa.

"Shekara saba'in da huɗu... ina shaƙar iska... ba wanda ya taɓa yin ciniki da ita a kaina."

Ya miƙa wa ɗansa robar. Mai Fenti ya karɓa ba tare da ya sani ba. Yana jin iskar tana hura masa tafin hannu.

"Ba zan mayar ba... sai na ji amsarka. Kada ka dube ni, dubi mutumin da ya tambaye ka." Leɓɓan tsohon sun fara yin duhu. "Amma ka hanzarta, ɗan nan... ba ni da numfashin jiran dogon bayani."